Bazarar da Na Bi Surukina Farautar Zabin Daji

Ni tela ne, ɗan tela. A Karare aka haife ni, kuma har na yi aure ban taɓa riƙe bindiga ba. Da damina ina gona, da rani in zauna a rumfa a kasuwar Batsari ina taka keken ɗinki. Matata kuwa 'yar Runka ce, mahaifinta maharbi ne da aka sani a duk ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu.

Ba a daɗe da Turawa suka miƙa mulki ba aka ɗaura mana aure. Ciki biyu ta yi suna zubewa. Na ukun ya zo mata da laulayi mai tsanani, ga shi a tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa mutum. Duk abin da ta sa a baki sai ya dawo. Ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Da na ga abin ya fi ƙarfina, sai na nemi mota ranar kasuwa na kai ta gidansu, na riƙa zuwa a keke ina duba ta, in kwana a zauren wani maƙwabcinsu.

Tsakanina da surukina babu abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Tun daga nesa nake tuɓe takalma, in durƙusa, in tambayi kwana da gajiya da iyali kaina a sunkuye. Shi ma gefe yake kallo ya amsa. Bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Haka muka tarar ana yi, kuma ba mu ga laifin abin ba. Dogon mutum ne, baƙi, maras yawan magana, ni kuwa har ga Allah tsoronsa nake ji.

Wata rana da la'asar surukata, wadda nake kira Inna, ta same ni a ƙofar gida. Ta fi mijinta sakin jiki da ni. Ta ce yarinyar nan abu ɗaya take ta ambata, romon zabon daji, irin wanda ubanta ke kawo musu suna yara.

Na ce, “Inna, ai ga zabi nan a gari, bari in nemo.”

Ta ce, “Mun yanka mata na gida. Ƙamshin kawai ta ji ta juya kai. Na daji daban yake, namansa baƙi ne, kuma da ƙamshin dawa a jikinsa.” Sannan ta rage murya. “Baban naku idonsa ne ya ƙi. Yanar ido ce ta fara rufe shi tun bara. Ba ya so a sani. Ya fita ya fi a ƙirga, yana dawowa hannu banza.”

Ɗansu namiji guda ɗaya ne, shi kuma ya tafi Kaduna aikin masaƙa. Ba zan iya zuwa in ce wa surukina na ji idonsa ya mutu ba.

Washegari bayan mun fito daga sallar asuba, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, amma bai wuce ba. Ya tsaya yana kallon katangar masallaci, kamar da ita yake magana, ya ce, “Wanda ke zura zare a kafar allura, ai ba ya kasa ganin zabo bisa suri.”

Na ce, “Haka ne, Baba.”

Ya ce, “To, a ɗauko gora.”

Haka muka fara. Shi a gaba da bindigar toka a kafaɗa da burgami, jakarsa ta fata, a rataye, ni a baya da gorar ruwa. Hanya ba ta ba shi wahala, ƙafarsa ta san ta. Muka ratsa gonakin da aka share ana jiran ruwa, muka shiga sabara da geza, har muka kai inda marke da kanya suka yi duhu. An ɗan yi yayyafi kwanaki kaɗan kafin nan, ciyawa ta fara tsirowa siriri a gindin itatuwa.

A bakin wani busasshen rafi ya tsaya, ya karkata kai. Ni ban ji komai ba sai kukan kurciya. Ya ce, “Suna nan gabas da mu. Zauna.” Muka zauna a bayan wani kalgo. Can sai na ji su, hayaniya kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

A nan ya yi mini magana mafi tsawo da ya taɓa yi tun da na san shi, murya ƙasa-ƙasa, har yanzu ba ya kallona. Ya ce da rani zabin daji garke guda suke, su kwana bisa itace ɗaya, su sauko da safe su bi juna a jere zuwa ruwa, rana ta yi zafi su yi wankan ƙasa a inuwa. Amma da zarar sun ji ƙamshin ruwan farko, zumunci ya ƙare. Garken ya watse, kowane zabo ya nemi tasa, a rabu biyu-biyu. Kafin a rabu kuwa sai an sha faɗa.

Ya ce, “Mi kake gani? Faɗa mini duka.”

Na leƙa. A wani fili tsakanin itatuwa na ga maza biyu suna bin juna da gudu, sun ɗaga fukafukai sama, bayansu ya yi tozo, suna tafiya kamar a kan yatsu. Ɗaya ya kori ɗaya su zagaye kurmi, su dawo, wanda ake kora ya juya ya zama mai kora. Matan suna gefe suna kiwonsu, kai ka ce ba dominsu ake yi ba. Na ga wani ya kama fara, bai haɗiye ba, ya ajiye ta a ƙasa yana ɗan ƙara, sai wata zabuwa ta zo ta ɗauke. Duk na faɗa masa. Yana ta gyaɗa kai, fuskarsa ta saki. Sai na gane ashe ya yi kewar ganin abin nan.

Sun yi mana nisa, don haka muka zagaya ta ƙasan iska. Muna cikin tafiya na hango wani ƙaton zabo shi kaɗai a kan suri, ya miƙe wuya, ko motsi ba ya yi. Kusa ƙwarai. Na raɗa masa cewa ga wani nan, in ya miƙa bindiga daidai hannuna ba zai kuskure ba.

Ya ce, “Kiwo yake ko tsaye yake?”

“Tsaye yake, Baba. Yana ta waige-waige.”

“Wanga mai iyali ne. Gadi yake. Matarsa na nan ƙasa cikin ciyawa tana ƙwai. In ka kashe shi ta watsar da sheƙar, baɗi mi za mu harba? Mu tafi.”

Muka tafi. Ranar ba mu samo komai ba. Da muka dawo na leƙa matata, tana kwance a tabarma, leɓunanta sun bushe, ta ɗago ido ta dubi hannuna. Na fita na zauna a gindin itacen bedi, raina ba daɗi. A ganina a lokacin, zabo ɗaya bai kai ran mutum ba. Amma bindigarsa ce, 'yarsa ce, kuma na lura shi ma bai taɓa tuwonsa ba ranar.

Da gari ya waye surukina ya ce ba shi zai yi harbin ba, ni zan yi. Ya kai ni bayan gari, ya koya mini ɗuri: albarushi gwargwadon tafin hannu, a danna tsumma, a zuba 'yan dalma, a sake dannawa. Ya sa na jingina wata fasasshiyar ƙwarya a kututture. Harbin farko bindigar ta hankaɗe ni na zauna daɓas, hayaƙi ya cika mini ido, ƙwaryar tana nan lafiya lau. Ya ce in manna gindin a kafaɗa kamar yadda nake danne yadi a ƙarƙashin allura, kada in bar masa wurin wasa. Da wannan na gane. Kafin azahar ƙwaryar ta zama rariya.

Sai maganar kan burtu. Wanda bai sani ba, burtu wani babban baƙin tsuntsu ne mai dogon baki da ke yawo a ƙasa, namun daji ba sa gudunsa. Maharba kan sassaƙa kansa da wuyansa da itace, su rufe da fata, su ɗaura a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su yi rarrafe suna kaɗa kai kamar tsuntsun na kiwo, har su kusanci abin da suke so. Surukina ya ciro nasa daga burgami, tsoho, ya sha hannu har yana ƙyalli. Da hannunsa ya ɗaura mini. Wannan ne karo na farko da ya taɓa jikina.

Mun sami wasu zabi suna tono a wata tsohuwar saura. Na durƙusa na fara rarrafe, bindiga a hannu ɗaya, ƙaya na sukata a gwiwa. Ya ce in riƙa saran ƙasa da bakin a hankali. Ni kuwa tsabar ɗoki na riƙa kaɗa kai da sauri kamar ina taka keke. Igiyar ta saki, kan burtun ya zamo ya rufe mini ido ɗaya, bakin ya koma yana kallon kunnena. Ban tsaya ba, na ci gaba a haka. Ashe wani Bafulatani mai kiwo, abokin surukina, yana tsaye a gindin tsamiya da sandarsa a wuya yana kallo. Sai ya ɗaga murya ya ce, “Maharbi, burtun nan naka ba shi da lafiya, a kai shi asibiti!”

Zabin suka tashi fir. Na waiwayo a tsorace, ina jiran faɗa. Sai na ga surukina ya dafe ciki ya zauna a ƙasa yana dariya, har hawaye na bin gemunsa. Ya ce wa Bafulatanin ya kwatanta masa yadda nake, shi kuma ya durƙusa ya kwaikwaye ni, ya ƙara gishiri. Ni ma dariyar ta ƙwace mini. Muka bi mutumin zuwa rugarsu, matarsa ta dama mana fura da kindirmo a ƙwarya ɗaya, ta kawo ludayi biyu. Na ja baya. Surukina ya turo mini ƙwaryar ya ce, “Sha, tela. Nan daji ne, surukuta tana gida.”

Daga ranar ya riƙa kirana tela, har ya bar duniya.

Ya ce kan burtu ba nawa ba ne tukuna, za mu bi ta wata hanya. A kowace bazara akwai mazan da suka sha kashi a faɗa, ba su sami mata ba. Gwauraye yake ce musu. Suna yawo su kaɗai ko su biyu-uku a gefen daji, kunnensu a buɗe. Su ne halalinmu a wannan lokaci, don kashe su ba ya rage ƙwai ko ɗaya. Kuma ba sai an bi su ba, su za su zo. Ya ce namiji ƙara ɗaya gare shi, amma mace tana da wani kuka mai gaɓa biyu da take maimaitawa, wanda namiji ba ya iya yi. Shi wannan kukan ya iya.

Sai da aka yi ruwan shuka sosai muka dace. Da safen ƙasa ta yi laushi, gara mai fiffike ta fito ko'ina, tsuntsaye na ta wawaso. Muka ɓuya a cikin wata geza mai duhu, na ɗora bakin bindiga a kan reshe. Surukina ya dunƙule hannu a baki ya fara kukan zabuwa. Wallahi da ban ga bakinsa ba, da na rantse zabuwa ce a gefena. Ya yi, ya yi shiru. Ya sake yi, ya yi shiru mai tsawo, har ƙafata ta fara sanyi. Can daga nesa wani ya amsa da kakkausar murya.

Ya raɗa mini, “Shi kaɗai ne?”

Na ce, “Ban gan shi ba tukuna.” Sai ga shi ya ɓullo daga bayan wani suri, a guje, fukafukai a ɗage. Ya tsaya cak, ya karkata kai yana neman mai kiran. Na duba bayansa da kyau. “Shi kaɗai ne, Baba.”

“Bari ya ƙara matsowa. In ka ga jan da ke gefen bakinsa, yi bismilla.”

Ya sake ɗan kuka a hankali. Zabon ya tako, ya tako. Na ga jan. Na yi bismilla na ja kunamar bindiga. Da hayaƙi ya washe na hango shi yana birgima. Na ruga da wuƙa na yanka shi tun da sauran rai. Na kawo wa surukina. Ya shafa ƙahon kansa, ya matsa ƙirjin, ya auna nauyinsa a hannu, ya ce, “Alhamdu lillahi. Maza mu koma, kada rana ta taɓa shi.”

Inna ta gyara shi da kanta. Ba ta sa komai ba sai gishiri da citta da ɗan daddawa. Ina daga waje, ta bakin zana, na ji lokacin da matata ta ce a ƙara mata. Inna ta fito da kwanon ta nuna mini shi, babu komai a ciki, sai ta sa gefen mayafi ta share ido. Romon ya zauna. Da yamma ta ci ɗan tuwo da sauran naman, shi ma ya zauna.

Ban ce zabo ne ya warkar da ita ba, Allah ne mai warkarwa, wataƙila kuma lokacin laulayin ne ya zo ƙarewa. Amma daga ranar ta fara cin abinci. Muka ƙara samo mata wasu gwaurayen kafin ciyawa ta yi tsawo. Ni ina zuwa Karare in yi shuka da noman farko, in dawo.

A cikin haka Bafulatanin nan ya aiko cewa shanunsa sun kusa taka wata sheƙa a cikin gamba. Muka je. Ɗan rami ne marar zurfi a ƙasa, cike da ƙwai masu ɗigo-ɗigo, sun yi yawan da surukina ya ce zabuwa biyu ne ke zubawa wuri ɗaya, kuma ɗaya ba za ta iya rufe su duka ba. Bai bari na sa hannu ba. Ya ba ni ludayi mai dogon hannu ya ce in kwashe na gefe-gefe, in bar na tsakiya, don a cewarsa in ta ji warin mutum ba za ta dawo ba. Muka kawo su a cikin hularsa, Inna ta sa wa wata kazarta mai kwanci.

Matata ce ta yi renon tsakin da suka ƙyanƙyashe. Tana zaune da cikinta a tsakar gida, tana farfasa musu ɓaraguzan suri su ci gara, tana hana su fita sai raɓa ta bushe, don ubanta ya ce raɓa ce ke kashe su fiye da shaho. Da suka girma, wasu suka ji kiran 'yan'uwansu suka koma daji, ba mu sake ganinsu ba. Wasu suka zauna. Da kaka, ana cikin yankan gero, ta haifi 'ya mace, lafiyayya, mai ƙarar murya. Bayan ta gama wanka muka koma Karare da jaririya da zabin a cikin akurki. Zuriyarsu ta daɗe a gidanmu. A shekarun farin nan da gero ya ƙone a tsaye, ƙwansu ya rufa mana asiri ba kaɗan ba.

Bayan wannan, duk bazara sai na rufe keken ɗinki na tafi Runka. Na zo na iya kan burtu, ko da yake Bafulatanin bai taɓa yarda na iya ba. Kukan zabuwa ne dai ya gagare ni. Duk yadda na yi, sai surukina ya ce wannan zabuwar mura take. Don haka kullum aikin a rabe yake, shi ya kira, ni in duba in harba. A waɗannan fitowar ya ba ni labarin ƙuruciyarsa, da yadda ya yi neman Inna, da damuwarsa a kan ɗansa da ya daina zuwa gida. Ni na tashi ban daɗe da mahaifina ba, ina saurayi ya rasu. Abin da ban samu na zama da uba ba, a gindin geza na same shi. Amma muna shigowa gari sai in koma bayansa, in tuɓe takalma, kowa ya kama matsayinsa.

Da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, abubuwa suka canja. Aka gyara hanya, motoci suka yawaita. Wasu mutane daga birane suka riƙa zuwa da bindigogi masu baki biyu, ba ruwansu da mai gadi ko gwauro, har itacen kwanansu suke bi. Masu itace kuma suka shiga marke da gatari. Zabin suka ja can ciki. A lokacin idon surukina ya rufe gaba ɗaya, ƙafa ma ta yi rauni, ya daina fita.

Bazararsa ta ƙarshe na zo gaishe shi, na tarar da shi a zaure yana shaƙar iska. Ya ce, “Tela, an yi ruwa a gabas jiya. Na ji ƙamshinsa.” Na ce ko zai je? Ya ce da wace ƙafa? Na ɗaura matashi a bayan kekena, na ɗora shi, na tura shi da hannu har bakin rafin nan. Ba mu ɗauki bindiga ba. Na zaunar da shi a inuwa, ya huta, sannan ya dunƙule hannu ya yi kukan zabuwa. Muryar ta dushe, numfashin ba ya kaiwa. Muka jira har na fid da rai. Sai wani ya amsa daga nesa, sau ɗaya, bai zo ba.

Ya ce, “Akwai saura ke nan.”

Muna hanyar dawowa hadari ya taso, muka fake a rugar abokinsa. Shi ya riga ya rasu, 'ya'yansa ne suka tarbe mu, suka shimfiɗa wa tsohon buzu, suka rufe shi da bargo. Ya yi barci yana jin ruwa na dukan bukka. Da ruwan ya ɗauke, babban ɗan ya ce keke ba zai bi laka ba, ya ɗora shi a kan jakinsu, muka rako shi gida ni da shi, ɗaya a kowane gefe.

Da sanyin shekarar surukina ya rasu. Ni na shiga kabarin na karɓe shi, tare da ɗansa da ya iso daga Kaduna da asuba. Allah Ya jiƙansa, Ya saka masa da alheri a kan abin da ya yi mini. Inna ta dawo wurinmu da zama, ta ƙara shekaru masu dama, har ta ga auren jikarta.